Lahadin da Kwaɓi Ya Ƙi Tashi

Shafi na 17

Ku masu aiko mini da saƙo kuna cewa "Maryse kin yi shiru, Maryse ina ci gaba", ku tuna ni direbar bas ce, ba zaman kashe wando nake ba. Ga abin da ya faru ranar Lahadin. Har yanzu in na tuna sai kaina ya sara.

*

"Wannan ba wafal ba ne," in ji Papa.

Ko taɓawa bai yi ba. Daga bakin ƙofar kicin ya leƙo, hularsa ta zuwa ɗakin tattabaru a ka, ya dubi kwano ya yanke hukunci.

"Ai ban gasa ba tukuna, Papa. Kwaɓi ne."

"Kwaɓin uwarku yana cika kwano har ya ɗaga tsumma. Wannan kuwa ya kwanta kamar laka."

"Zai tashi."

"Yaushe? Ran Kirsimeti?"

Na mayar da tsumma kan kwanon.

Maman tana zaune a kujerarta mai taya kusa da taga, bargo a cinya. Jiya Asabar muka ɗauko ta daga asibiti. Tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye, hannun ba ya motsi, magana kuma sai kalma ɗaya ta fito da ƙyar, ita ma a karkace.

A gidanmu na Seraing, tun ban san kaina ba, Lahadi ba ta cika Lahadi sai an karya da wafal ɗin Maman, wata irin wainar fulawa da ake gasawa a tandar ƙarfe. Mai nauyi, mai danƙo, sukari ya narke a cikin ramukansa ya yi ja. Shi ya sa na ce safiyarta ta farko a gida ba za ta wuce da busasshen burodi ba.

Ba wanda ya sa ni. Ni na sa kaina.

Tun jiya ma ya kamata in gane akwai matsala. Na birkice duk durowoyin kicin ɗin nan, ban ga yis ba. Ban ga sukarin wafal ba, mai ƙwaya kamar tsakuwa. Ko ma'auni babu. Tandar kawai na samu, ta baƙin ƙarfe mai baki biyu, a naɗe cikin tsohuwar jarida. Da na tambayi Papa sai ya ce, "Uwarku da ido take awo." Muna yara kuwa koro mu take daga kicin, wai surutu da iskar ƙofa suna hana kwaɓi tashi. Don haka babu wanda ya taɓa koya.

Sai na je kanti na sayo komai. Da asuba na tashi na kwaɓa.

Ga shi nan kwance.

"Madarar ce ta yi zafi," in ji Gaëtan.

Ƙanena ke nan. Daga Namur ya zo da safen nan, da farar riga da turare, ya ja kujera ya zauna yana latsa waya. Ko cokali bai ɗaga ba.

"Ga shi nan an rubuta. In madara ta yi zafi tana kashe yis. Kin kashe shi, Maryse."

"To ka sanar da 'yan sanda."

"Ni dai gyara nake miki."

"Tashi ka gyara da hannu."

"Rigata fa?"

Maman ta ɗaga hannun hagu ta nuna ƙofar baya.

"Waje," ta ce.

"Ana yayyafi, Maman. Sanyi zai kama ki."

"Wa...je."

"Iska take so," in ji Papa. "Wannan kicin ɗin warin giya yake yi. Yis nawa kika zuba ne?"

Ya juya ya haye ɗakin tattabarunsa. Ranar tseren tattabaru ce, an sako tsuntsaye daga Faransa tun da sassafe, shi kuwa in yana jiran tsuntsunsa ko gobara ba ta sauko da shi.

Na juye kwaɓin farko a kwandon shara. Na sake sabo. Madara mai ɗumi-ɗumi, na sa ɗan yatsa na gwada. Fulawa, ƙwai, bota. Na murza har kafaɗata ta amsa. Na rufe na ajiye a kan bututun ɗumama ɗaki.

Gaëtan ya kalli ƙofa, ya rage murya.

"Kafin ya sauko, mu gama maganar nan."

"Maman tana ji fa."

"Ai don ita ake yi. Kin ji abin da likita ya ce. Dole wani ya zauna da ita dare da rana. Na je na ga gidan kula da tsofaffin nan na kan tudu. Tsaf-tsaf, ga lambu, ga masu jinya."

"Papa ba zai yarda ba."

"Papa ko ƙwai bai iya dafawa ba! Jiya da na kira, kin san abin da ya ce ya ci? Biskit da kofi."

"To kai ka dawo nan mana."

"Ni? Da aikina? Da yara?"

"Ni bas ɗin da kanta take tuƙa kanta?"

"Ba haka nake nufi ba. Amma ke ai ba ki da..."

Ya mayar da ido kan waya.

"Ƙarasa."

"Ba komai."

"Ba ni da miji, ba ni da 'ya'ya, saboda haka ba ni da rayuwa. Ƙarasa mana, Gaëtan."

"Ke kika faɗa."

"Waje," in ji Maman. Wannan karon har da buga hannun kujera.

Na je na gyara mata bargo. Ta ture hannuna. Ta dube ni da wani irin kallo, irin wanda take mini ina yarinya in ta aike ni na dawo da abin da ba shi ba. Ban gane ba. Na ce ciwo ne.

Kwaɓi na biyu ya ɗan taso. Ba wani tashin kirki ba, amma yunwa ta fara sa kowa masifa, ba ni da lokacin jira. Na zuba sukarin na cuɗa, na ɗora tanda a wuta.

"An ce sai ta yi zafi sosai," in ji Gaëtan.

"Na ji."

"Sosai fa."

Na ƙure wuta don ya rufe mini baki. Na gutsuro kwaɓi na jefa, na rufe tanda.

Da farko ƙamshi ya taso, har na fara murmushi.

Sai ƙamshin ya juye. Wani baƙin ruwa ya fara tsiyayowa ta gefen tanda yana ɗiga kan wuta, yana cuwat-cuwat. Na juya tandar. Hayaƙi ya turnuƙe. Na ja hannun don in buɗe, ta ƙi. Sukari ya ƙone ya liƙe bakinta gam.

Sai na'urar nan mai gano hayaƙi ta jikin silin ta fara ihu.

"Kashe ta! Kashe ta!" Gaëtan yana fifita da waya.

"Hau kujera ka cire mata batir!"

"Takalmina yana santsi!"

Papa ya sauko da gudu, abin da bai yi ba ko ranar da Maman ta faɗi.

"Wa ke son kashe ni? Tsuntsuna yana shawagi a sama ya ƙi sauka! Ya ga hayaƙi! Kin san abin da ake nufi da tsuntsu ya iso ya ƙi shiga?"

"Papa, matarka tana tari, kai tsuntsu kake ji?"

"Uwarku ba ta taɓa ƙona ko guda ba! Ko guda! Tun da na aure ta!"

"To ni ba ita ba ce!"

"Wannan kuwa a bayyane yake!"

Na naɗe hannu da tsumma na ciccibi tandar, na banke ƙofar baya da ƙafa, na fita. Na ja ƙofar har gilashinta ya girgiza.

Yayyafi yana zuba a kan ƙarfen yana tsuwa. Na tafi can ƙarshen lambu, bayan bukkar itace inda ba a hangowa daga gida, na durƙusa ina kankare tandar da wuƙa. Idona yana ruwa. Na ce hayaƙi ne.

"In kika ci gaba da wuƙar nan za ki kashe tandar uwata."

Na zabura.

Kai ne kawai a saman katanga. Farin gashi a cikin raga, tabarau, baki a tsuke.

Matante Josiane. Yayar Maman, uwa ɗaya uba ɗaya.

Gidanta yana ɗaya layin, bayan lambunta ya haɗu da bayan namu, katanga ce kawai a tsakani. Amma a gidanmu ba a kiran sunanta. Lokacin babban yajin aikin masana'antar ƙarfe, ina 'yar ƙarama, duk mazan unguwa suka tsaya a bakin ƙofa, Papa ne a gaba. Mijinta Fernand shi kaɗai ya ratsa su ya shiga aiki. Daga ranar Papa ya rantse ba shi ba su, kuma abin gidansu ba zai ƙara shiga bakinsa ba. Da Fernand ya mutu ko jana'iza ba mu je ba. In na haɗu da ita a kasuwa, sai in shiga duba farashin albasa har ta wuce.

"Zuba mata ruwan zafi, ki bar ta ta jiƙa," ta ce. "Sannan ki ɗauke wannan. Tun ɗazu yake nan, ya kusa wuce tashi."

Sai a lokacin na lura. A kan katangar, ƙarƙashin wani guntun kwanon rufi da aka kifa don kare ruwa, ga wani shuɗin kwano an rufe da tsumma. Tsumman ya yi tozo.

Na san kwanon nan. Duk Lahadin duniya ina ganinsa a kan teburin kicin ɗinmu.

"Matante... mene ne wannan?"

"Au, ashe kin san sunana."

"Kwanon Maman ne."

"Kwanona ne. Ranar Litinin take dawo mini da shi."

Na ɗaga tsumman. Kwaɓi ne, ya kumbura, yana sheƙi, ƙwayoyin sukari sun leƙo ta ko'ina. Ƙamshin kawai ya ishe ni. Wannan ne ƙamshin gidanmu.

"Ban gane ba."

"Mene ne abin rashin ganewa? Uwarki Odile ba ta iya kwaɓi ba. Ba ta taɓa iyawa ba. Hannunta sanyi gare shi, ko burodi ta taɓa sai ya mutu. Tana amarya ubanki ya cika baki a gaban abokansa wai matarsa ta fi kowa iya wafal a Seraing. Ta zo mini tana kuka. Na ce je ki, ni zan riƙa kwaɓawa, ke ki gasa. Gashi kam ta iya, wannan ba zan ci haƙƙinta ba."

"To bayan yajin aikin fa?"

"Bayan yajin aikin me? Ubanki ya daina cin abinci ne?"

Ruwa yana gangarowa ta wuyana.

"Kina nufin duk shekarun nan..."

"Da ya hau wurin tsuntsayensa sai ta fito ta ɗauka. Ya sauko ya ci ya lashe yatsa."

"Amma kina ji tun asuba ina fama! Kin ga hayaƙi! Me ya hana ki kira ni?"

"In kira ki? Yaushe rabon da ki amsa gaisuwata, 'yar nan? Na ce wa Odile zan ajiye kamar kullum, ta turo wani. Ba ta turo ki ba?"

Waje. Waje.

Na dafe goshi.

"Ki rage wuta," in ji ta. "Nan ba maƙera ba ce, ba doki kike wa takalmi ba. Kar ki shafa mai, botar da ke ciki ta isa. Ki riƙa juyawa. In kin ji ƙamshi ya fara kama hanci, cire."

Kan ya nutse bayan katanga. Na ji ƙarar akwatin da ta taka tana sauka.

Na tsaya da kwano a hannu kamar wata sakarai. Na ce a raina, to, shi ke nan. Ba zan faɗa wa kowa ba. A ci a tashi lafiya, in koma gidana in kwanta.

Da na shiga, Papa ya koma sama. Gaëtan yana falo yana waya da matarsa, ina jin yana cewa "ta kusa ƙona mu". Maman ta ga kwanon. Ta lumshe ido, ta sauke wata ajiyar zuciya mai tsawo.

"Yi haƙuri, Maman," na ce a hankali. "Sai yanzu na ji."

Ta ɗaga hannun hagu ta ɗan mare ni a kumatu. Ba da zafi ba. Amma mari ne.

Na wanke tanda da ruwan zafi, na goge, na ɗora a ƙaramar wuta. Na jefa kwaɓi. Maman tana kallo, in lokacin juyawa ya yi sai ta buga hannun kujera. In juya. Ta sake bugawa. In buɗe.

Ja-ja-ja, yana ƙyalli. Ya fito da kansa ko liƙewa babu.

Ƙamshi ne ya sauko da Papa. Gaëtan ma ya katse wayar. Na jera faranti, na zuba kofi, na yanka wa Maman nata ƙanana. Muka zauna.

Papa ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya shinshina. Ya gatsa.

Ya yi ta tauna.

"Yauwa," ya ce. "Wannan shi ne wafal. Odile, kin ji? Hannunki ne sak."

"Na faɗa mata madarar ce," in ji Gaëtan da baki cike.

Na danne. Na kurɓi kofi.

Papa ya cinye na farko, ya ja na biyu. Ya nuna ni da cokali mai yatsu.

"Ka gani ko, Gaëtan? Kai da maganar gidan tsofaffi. Na ji ku ai, kuna tsammanin na kurumce. Matata ba inda za ta. Ga Maryse nan. In ta sa kanta tana iyawa. Ta ajiye bas ɗin nan, ta dawo ɗakinta na sama. Ta kula da uwarta, ta riƙa mana girki. Magana ta ƙare."

"To ai hakan ma ya yi," in ji Gaëtan da sauri. "Ni da ma..."

"Kun gama?" na ce.

"Me kuma?"

"Kun gama raba rayuwata, ko da sauran abin da za ku ɗiba?"

"Ke dai ba a yabonki," in ji Papa. "An ce kin iya, kin kama fushi."

"Ban iya ba."

"Ga shi muna ci."

"Ba ni na kwaɓa ba."

Gaëtan ya daina tauna.

"Kin sayo?" in ji Papa. "A ina? Babu mai burodin da ya iya wannan."

"A kan katanga na ɗauko."

"Wace katanga?"

"Ta baya, Papa. Katanga nawa gare mu?"

Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Kunnuwansa suka fara ja, sannan wuya. Ya dubi wafal ɗin da ke hannunsa. Ya dubi shuɗin kwanon a kan kantar kicin.

"Kin kawo mini abin gidan maciya amana? A teburina? Na sa a bakina?"

"Ba yau ka fara ba."

"Me kika ce?"

"Na ce ba yau ka fara ba! Maman ba ta iya kwaɓi ba! Duk wafal ɗin da ka ci a gidan nan, har wanda kake kai wa abokanka na tattabaru kana cika baki, Matante Josiane ce ta kwaɓa shi!"

"Kar ki ƙara kiran sunan nan a gidana!"

"Josiane! Josiane! Na kira!"

"Maryse, ki bi a hankali, hawan jininsa," in ji Gaëtan. Amma hannunsa yana kan wafal na uku.

Papa ya juya ga Maman. Muryarsa ta sauka.

"Odile. Ƙarya take, ko?"

Maman ta dube shi. Ta sa cokali a faranti da hannun hagu, ta tsinci yanka ɗaya, ta kai baki. Ta tauna a nitse.

Sai ƙararrawar ƙofar gaba ta kaɗa.

Ba wanda ya motsa. Ta sake kaɗawa, wannan karon an danne ba sakewa.

Gaëtan ne ya je. Na ji ya ce, "A'a... ina kwana... am..." Sai ga takun ƙafa a soro.

Matante Josiane ta shigo kicin da rigar ruwa da lema tana ɗiga. A tsaye ko kafaɗar Gaëtan ba ta kai ba. Ta zagayo ta kan titi, tana haki.

"Tun daga lambuna nake jin ana kiran sunana," ta ce. "Na ce bari in zo in amsa."

Papa ya miƙe, kujera ta faɗi ta baya.

"Fita."

"Sannu, Armand. Ka tsufa. Akwai sukari a gemunka."

"Na ce ki fita daga gidana!"

"Ba wurinka na zo ba." Ta wuce shi kamar ta wuce sandar fitila. Ta sunkuya ta sumbaci Maman a kumatu. "Ƙanwata. Sun ba ki maganin safe?"

Muka dubi juna ni da Gaëtan. Maganin safe.

"Tabɗi," in ji Matante. "Mutum uku a gida."

Na ruga na ɗauko, kunya kamar ta kashe ni. Ita ta karɓa ta ba ta, ta san wanne ake haɗiya wanne ake narkarwa. Ta goge mata gefen baki da tsumma, ta ɓangaren da ya karkace, ba tare da ta duba ba.

"Ina kika san magungunanta?" na ce.

"Kullum ina asibiti. Da ubanki ya tafi ba tsuntsaye hatsi sai in shiga. Ke kina kan bas, wannan kuma yana Namur yana aiko da furanni."

"Masu tsada ne fa," in ji Gaëtan.

"Ta bayan idona," in ji Papa. "Ta bayan idona, ku biyu. Shekara da shekaru kuna mayar da ni abin dariya."

"Ba wanda ya mayar da kai. Ka ci ka ƙoshi, shi ne laifin?"

"Na rantse a gaban mutane!"

"To sai ka je ka amayar a gabansu."

"Matante, don Allah," na ce. "Papa, zauna. Kowa ya zauna. Ni na gaji. Tun asuba nake tsaye, hannuna ya ƙone, gobe ni ke fitar farko da bas. Mu yi magana kamar mutane. Wa zai zauna da Maman? Ni ba zan bar aikina ba, na faɗa. Gaëtan ba zai zo ba. Papa bai iya ba."

"Na iya!"

"Maganin safe, Papa."

"Shi ya sa na ce gidan kan tudu," in ji Gaëtan.

"Ba inda za ta!"

"To ka ɗauki mai aiki!"

"Baƙo ba zai taɓa matata ba!"

"Kun tambaye ta?" in ji Matante.

Muka kalli juna.

"Ina tambaya ne. Ku ukun nan, akwai wanda ya tambaye ta?"

"Ai ba ta iya magana," in ji Gaëtan.

"Da ni tana yi. Sai dai ni ina jira ta gama. Ku kuwa kafin ta haɗa kalma ɗaya kun ƙarasa mata da taku." Ta dafa kafaɗar Maman. "Faɗa musu, Odile. Kar ki yi sauri. Wanda ya katse ki zan kwaɗa masa lemar nan."

Maman ta ajiye cokali. Leɓenta ya yi ta motsi, ba abin da ya fito. Papa ya buɗe baki, Matante ta ɗaga lema, ya rufe.

Muka jira. Ina jin ɗigar ruwa daga rigar Matante a kan daɓe.

"Gidan... Jo," in ji Maman.

Ta ja numfashi.

"Zan... koma... gidan Jo."

Wallahi sai da na riƙe bakin tebur. Tun da ta faɗi ban ji ta haɗa magana haka ba.

"Na gyara ɗakin ƙasa," in ji Matante. "Ba hawa ba sauka. An sa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Mai jinya za ta riƙa zuwa da safe. Wanda ke son ganinta ƙofata a buɗe take, har kai, Armand, in ka goge ƙafa."

"Odile," in ji Papa. "Ba ki san abin da kike faɗa ba. Ciwon ne."

"Na... sani."

"Ki bar gidanki? Ki bar ni? Ki koma gidan mutumin da ya sayar da mu?"

"Rigata," in ji Maman. Ni ta kalla.

Na tsaya a tsakiya. Ga uwata tana jira, ga ubana kamar zai faɗi. Na dubi Gaëtan ko zai ce wani abu. Ya duƙar da kai yana tsintar ƙwayar sukari a faranti.

Na je na ciro rigar sanyinta daga maratayi. Na sa mata hannun da ba ya motsi tukuna, yadda aka koya mini a asibiti. Matante ta kama bayan kujera ta juya ta.

Papa ya riga mu zuwa ƙofar soro. Ya tsaya a ciki, ya ware hannuwa ya dafe ginshiƙan biyu. Duk tsufansa har yanzu yana cika ƙofa. Haka aka ce ya tsaya a bakin masana'anta, 'yan sanda da dawakai ba su gusar da shi ba.

"Sai dai ku bi ta kaina."

"Matsa, Armand."

"Ba zan matsa ba."

"Papa, don Allah..."

"Ke yi mini shiru! Ke kika jawo wannan da wafal ɗinki!"

Matante ta saki kujerar. Ta tako har gabansa, ta ɗaga kai tana kallonsa ta saman tabarau. Ba ta ɗaga murya ba.

"Fernand ya sa na yi masa alkawari ba zan taɓa faɗa ba. Na riƙe har ya mutu, na riƙe bayan ya mutu, saboda ƙanwata tana gidan nan. Yau za ta fita. Matsa, ko in gaya wa 'ya'yanka wanda ya zo ƙofar bayanmu yana kuka, ya roƙi Fernand ya shiga masana'anta ran nan."

Jan da ke fuskar Papa ya zube gaba ɗaya.

Hannunsa na dama ya sauka daga ginshiƙi. Sannan na hagu.

Ya matsa gefe.

"Papa?" in ji Gaëtan. "Wa ya roƙe shi?"